Yadda Na Sa Aka Ƙera Mini Tebur Mai Ninkewa Don Kwanan Daji a Yankari

A gidanmu ba mu saba cin abinci a kan tebur ba, domin tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a ɗora ledar cin abinci a kanta, kowa ya tanƙwashe ƙafa ya sa hannu, kuma ban taɓa jin cewa wannan tsari yana da wata nakasa ba sai ranar da muka kai yara yawon buɗe ido bakin madatsar ruwa ta Tiga. Mun isa da hantsi a lokacin hunturu, muka shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya, uwargida ta buɗe kular shinkafa da miya, kafin a gama zuba wa kowa iska ta kwaso rairayi ta watsa a cikin faranti, sa'an nan kiyashi suka yi layi suka hau robar sukari, ƙaramin yaronmu kuma ya taka kofin shayi ya kifar da shi a kan tabarmar. A ranar na fahimci cewa daɓen siminti na tsakar gida, wanda ake sharewa safe da yamma, shi ne yake rufa wa tabarma asiri, amma a ƙasar daji abinci yana bukatar a ɗaga shi sama ko da kaɗan ne.

Da muka fara shirin zuwa Yankari da niyyar kwana biyu a tanti, abin da na fara yi shi ne aron teburin roba mai ninkewa daga wurin ƙanena, irin wanda ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, mai ƙafafun bututun ƙarfe. Na gwada shi a gida na kwana uku, na mayar masa da abinsa. Tsayinsa daga ƙasa ya kai inci 29, wato tsayin teburin da ake zama gabansa a kan kujera, saboda haka duk wanda zai yi amfani da shi sai ya ɗauko kujeru, mu kuwa mutum shida ne a mota ɗaya, ga tanti, ga tukunyar gas, ga jarkokin ruwa, ga barguna. Bayan haka, ko a ninke bai shiga but ɗin motata ba sai an karkata shi, idan kuwa aka karkata shi ya cinye wurin da kaya uku za su zauna. Abu na uku shi ne saman robar ba ya jure zafi, domin akwai wani zagayayyen tabo a gefensa inda aka taɓa sauke tukunya daga kan wuta robar ta lotsa. Wannan tebur an yi shi ne domin mutanen da suke cin abinci a kan kujera, ni kuma abin da nake nema shi ne wanda za a ajiye a tsakiyar tabarma a kewaye shi.

Kafin in je wurin kafinta sai da na yi awo biyu. Na farko, na buɗe but na auna faɗin shimfiɗarsa a inda ya fi ƙunci, wato tsakanin ƙullutun tayoyin baya guda biyu, na ga cewa abin da bai wuce inci 36 ba zai kwanta lafiya lau a ƙasa a ɗora sauran kaya a kansa. Na biyu, na zauna a kan tabarma na tanƙwashe ƙafa, na sa babbar ɗiyata ta riƙa jera littattafai a gabana ana ɗora faranti a kansu, har muka kai tsayin da hannu yake kaiwa ga abinci ba tare da an sunkuya ko an ɗaga kafaɗa ba, kuma gwiwa tana iya shiga ƙarƙashi. Muka samu inci 14. Na maimaita gwajin da uwargida tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, tun da ita a kanta take zama idan tana yanka albasa ko tana zuba abinci, ta ce tsayin ya yi mata daidai. Da waɗannan alƙaluma na zana hoton a bayan wata takarda: tsawo inci 36, faɗi inci 24, tsayi inci 14.

Kafintan unguwarmu dattijo ne wanda ya ɗauki shekaru yana yin gadaje da ƙyamare da bencinan makaranta, kuma da na miƙa masa takardar sai ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, “Malam, wannan ai teburin yara ne.” Na ce masa, “Baba, na manya ne, amma a ƙasa za su zauna.” Da na yi masa bayanin but ɗin mota da tabarma sai ya ɗauki fensir daga bayan kunnensa ya yi wani lissafi da ni ban yi ba, wanda kuma shi ne ya tabbatar mini cewa gajartar teburin alheri ce. Ya nuna mini cewa idan ƙafafun suka zama kimanin inci 13 kowace, to idan aka kwantar da na dama da na hagu suka fuskanci juna a ƙarƙashin tebur, inci 26 kawai za su ci daga cikin 36, ba za su haɗu ba balle su hau juna. Da a ce dogon tebur ne mai ƙafafu inci 28, dole ne ko dai ƙafafun su gitta juna kamar almakashi, ko kuma ɗaya ta kwanta a kan ɗaya, kuma kowanne daga cikin biyun yana ƙara kauri da nauyi da wuraren da za su iya lalacewa.

Batun katako ya ɗauke mu lokaci fiye da yadda na zata. Shi Baba ya so a yi saman da allunan madaci, domin a wurinsa aikin da ba zai kai jikoki ba ba aiki ba ne, amma madaci yana da nauyi, kuma allunan da aka haɗa gefe da gefe sukan buɗe baki ko su kantare idan iskar hunturu ta busar da su, musamman idan tun farko ba su gama bushewa ba. Ni kuma na ji ana yaba obece saboda rashin nauyinsa, sai ya ɗauko wani guntu ya danna farcen babban yatsansa a jiki, alamar ta fito sarai, ya ce itacen da farce yake shiga ba zai riƙe ƙusa ba idan ana buɗewa ana rufewa kullum. Daga ƙarshe muka tsaya a kan falankin filawud mai kaurin rabin inci a sama, firam na malaina a ƙarƙashinsa, ƙafafu kuma na madaci tun da su ne za su sha wahala. Falankin filawud cikakke yana zuwa ne da faɗin inci 48 da tsawon inci 96, wanda zai fitar da saman tebur irin nawa har guda biyar, saboda haka babu dalilin sayen cikakke. Na tafi kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa na zagaya rumfuna har na samu ragowar da ta ishe ni, na duba gefenta da kyau don in tabbatar babu rami tsakanin shimfiɗun da aka manna, domin ta nan ne ruwa yake fara shiga. Na kuma zaɓi katakon tubaitu, wato mai kaurin inci biyu da faɗin inci biyu, guda biyu ta hanyar ɗaga kowanne in saita ido a kan tsawonsa kamar mai auna bindiga, in ajiye duk wanda ya karkace.

Bayan kwana huɗu aka kira ni in zo in gani. Teburin ya yi kyau a ido, an haɗa ƙafafu biyu-biyu da sanda a tsakaninsu ta yadda kowane gefe yake buɗewa a lokaci ɗaya, kuma an liƙa su da hinji irin na tagogi. Na kai shi gida muka ci tuwon dare a kansa, kuma a nan ne aibinsa ya fito, domin da yaro ya dafa gefe ɗaya zai miƙe sai ƙafafun ɗaya gefen suka ninke ciki, teburin ya durƙusa, kwanon miya ya gangaro. Allah ya taimaka miyar ta riga ta huce. Da na juya shi na duba sai na ga dalilai biyu. Ƙafafun suna tsaye cak a miƙe, saboda haka babu abin da yake hana su komawa ciki idan an tura teburin ta gefe, kuma sukurorin hinjin gajeru ne, har biyu daga cikinsu sun fara sassautawa a dare ɗaya. Laifin ba na Baba kaɗai ba ne, domin ni ne na rubuta hinji a takardar, shi kuma ya bi abin da mai aiki ya ce.

Gyaran da muka yi washegari shi ne ainihin aikin, kuma na zauna a rumfar tun daga farkonsa har ƙarshensa. Aka cire hinjin gaba ɗaya. A madadinsa Baba ya huda firam ɗin ta dogayen gefensa biyu, ya huda kan kowace ƙafa, ya zura dogon noti ya ratsa su duka, da wosha a tsakanin katako da katako don kada su ci juna, ta yadda ƙafar take juyawa a kan notin. Da farko ƙafar ta ƙi juyawa saboda kusurwar kanta tana tokarar ƙasan falankin, sai ya zana rabin da'ira da bakin gwangwanin tumatir, ya yanke da zarto, ya goge da samfefa har kan ya zama zagaye kamar kan taɓarya. Abu mafi muhimmanci shi ne inda ya sa ramin notin. Ya matsar da shi ciki kaɗan daga ƙarshen firam ɗin, ta yadda idan aka buɗe ƙafar ba ta tsayawa a miƙe, sai ta wuce ta ɗan baje waje kafin ta tokari katakon ƙarshe ta tsaya. Da haka, duk nauyin da aka ɗora a sama yana ƙara danna ƙafafun ne zuwa waje, inda katako ya tare su, maimakon ya mayar da su ciki. Don ya nuna mini, sai ya ɗora buhun siminti a tsakiya ya tura teburin da ƙafarsa ta gefe, teburin ya ja ƙasa amma bai durƙusa ba. Bajewar ta rage tsayin da kusan rabin inci, kuma ta sa gindin ƙafafun ya daina zama daram a ƙasa, sai da aka sake yanke su a karkace.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na nemo noti mai kunnuwa biyu, irin wanda ake ɗaurewa da yatsu ba tare da sifana ba, domin na san katako yana tsukewa a lokacin rani kuma duk abin da aka ɗaure yau zai yi sako-sako bayan mako biyu. Na kuma sayo ɗan falle na alminiyam mai faɗin inci 10, aka liƙa shi a gefe ɗaya na saman da ƙananan ƙusoshi, aka lanƙwashe bakinsa ƙasa don kada ya yanki hannu, a nan za a riƙa sauke tukunya da butar shayi. Sauran saman aka shafa masa banish sau uku, ana bari ya bushe a goge da samfefa mai laushi tsakanin kowace shafawa. A ƙarƙashin kowace ƙafa aka buga guntun robar tsohuwar taya, a gefe kuma aka ɗaura maɗaurin wata tsohuwar jakar makaranta ya zama mariƙi. Da na je cika tukunyar gas sai na roƙi mai shagon ya ɗora mini teburin a kan sikelinsa, ya nuna kilo 7 da ɗoriya kaɗan, kaurinsa a ninke kuma inci biyu da rabi ne.

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi muka isa Bauchi, daga nan muka ɗauki hanyar Gombe har zuwa Dindima inda ake karkatawa zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Yankari an keɓe shi ne tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006, kuma girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,200, abin da mutum ba ya ganewa sai ya wuce ƙofa ya ga cewa akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. A duk tsawon wannan tafiya teburin yana kwance a ƙasan but da jarkokin ruwa a kansa, ban ji ƙararsa ko sau ɗaya ba, domin na ɗaure notocin tam bayan na ninke ƙafafun.

Ma'aikata suka nuna mana inda za mu kafa tanti, kuma da na buɗe teburin a kan tabarma sai na ci karo da matsalar da simintin gida ya ɓoye mini, wato ƙasar ba a daidaice take ba, ƙafa uku suna taɓawa ta huɗu tana lilo. Abu mai ƙafa uku ba ya girgiza ko a wace irin ƙasa, shi ya sa murhu yake da duwatsu uku, amma tebur mai kusurwa huɗu idan aka yi masa ƙafa uku yakan kife idan an dafa kusurwar da ba ta da ƙafa, saboda haka ban yi nadamar huɗun ba. Da farko na cusa dutse a ƙarƙashin ƙafar da take lilo, amma duk lokacin da aka taɓa teburin sai dutsen ya zame. Wani direba da yake zaune kusa da mu ya ce mini in bar gajeruwar ƙafa in nemi wadda ta hau tudu. Na janye tabarmar, na ɗan kankare ƙasar da take ƙarƙashin ƙafar da ke maƙwabtaka da ita, wadda ta hau tudun, da bakin cokali, na ajiye kofi cike da ruwa a tsakiyar teburin ina duba yadda ruwan ya kwanta da bakin kofin, har ya daidaita. Daga nan muka canza tsari, aka bar teburin a kan ƙasa kai tsaye, aka shimfiɗa tabarmi biyu a gefensa na dama da na hagu. Wannan ya ba mu damar sa kowace ƙafa a cikin gwangwanin madara da aka zuba wa ruwa kaɗan, dabarar da kakarmu take yi wa ƙafafun gado, kuma a kwana biyun nan ko tururuwa ɗaya ba ta hau sukari ba, sai dai robar tayar ce ta kare katakon daga jiƙewa, kuma na riƙa cire gwangwanayen da zarar an gama cin abinci.

Tukunyar gas ban ɗora ta a kan teburin ba, na bar ta a ƙasa ta gefen da iska ba ta bugowa, teburin kuma ya zama wurin yanka da jera kwanuka da sauke tukunya. Da yamma, bayan yara sun dawo daga wanka a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta yake fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin da ba ya sauyawa daga kimanin digiri 31 dare da rana, muka kewaye teburin mu shida da fitila a tsakiya. Faranti shida da tukunya ɗaya da fulas sun cika shi maƙil, har sai da aka sauke kofuna ƙasa, kuma a nan na gane cewa da faɗin ya kai inci 28 da ya fi, tun da but ɗin zai iya ɗauka.

Abin da tebur ba ya maganinsa shi ne bika. Duk wanda ya taɓa zuwa Wikki ya san yadda waɗannan birai suke yawo a cikin sansanin tare da gadu, wanda wasu suke kira mugun dawa, yana durƙusawa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo kamar ba ruwansa da kowa. An gargaɗe mu tun da muka iso cewa kada mu bar abinci a fili, kuma mun kiyaye har zuwa safiya ta biyu, lokacin da na jera burodi da kofuna a kan teburin na juya baya don in ɗauko butar shayi daga kan wuta. Ban ji tahowarsa ba. Da na waiwayo sai na ga wani ƙaton namiji ya dafa gefen teburin da hannu ɗaya, ya ɗora kusan rabin jikinsa a kai, ya miƙa ɗaya hannun ya ɗauki ledar burodin gaba ɗaya, ya dube ni ido cikin ido, sa'an nan ya juya ya tafi ba tare da gaggawa ba, ya zauna a nesa kaɗan yana yage ledar da haƙora. Yara suka yi ta ihu daga cikin tanti, kofi biyu suka faɗi, amma ƙafafun teburin ba su motsa daga inda suke ba, alhali irin wannan dafawar ce ta durƙusar da shi a gida. Muka karya kumallo da shayi da ƙuli-ƙuli da ragowar dambun nama, daga nan kuma abinci bai sake fita daga mota ba sai an zauna an kewaye teburin, ƙanena, wanda muka yi tafiyar tare da shi, yana riƙe da sanda.

Da muka dawo gida na wanke shi na juya shi a rana na bi shi da kallo gaɓa-gaɓa. Notoci biyu sun yi sako-sako kamar yadda na zata, na ɗaure su da hannu. Alminiyam ɗin ya ɗan lotsa a tsakiya amma katakon da yake ƙarƙashinsa bai ƙone ba. Ɓarnar da ta fi damuna tana gefe ɗaya na falankin, inda zarto ya bi, domin banish ɗin bai shiga can sosai ba, kuma da yake na bar teburin a waje a daren farko, danshin asuba da ruwan wanke-wanke sun shiga tsakanin shimfiɗun har na saman ya fara ɗagowa kamar ɓawon albasa, tsawon kimanin inci 3. Na mayar wa Baba, ya ɗura gam a ciki da tsinke, ya matse da maɗauri ya bar shi ya kwana, sa'an nan ya kewaye duk gefen falankin da siririn katako don ya rufe bakin, abin da ya ce da tun farko aka yi da ba a zo nan ba. Na ba shi labarin bikan, ya yi dariya har ya ajiye hamarsa, sa'an nan ya tambaye ni ko ragowar filawud ɗin da na gani a Na'ibawa tana nan, domin ƙanena ya riga ya zo ya ba da awon but ɗin motarsa, kuma nasa teburin za a yi shi da faɗin inci 28.